Tsakanin Likita da Malami: Tarihin Masu Gyaran Magana da Haɗiya

Daga cikin sana'o'in da ake samu a manyan asibitocin duniya a wannan zamani, akwai wata wadda galibin jama'armu ba su san da zamanta ba, waɗanda suka ji labarinta kuwa sun ɗauka aiki ne na yara masu in-ina ko waɗanda bakinsu ya yi jinkirin buɗewa, alhali kuwa mafi nauyin aikinta a ɗakunan jinya yana kan manya ne, dattawa da magidanta da iyayen gida, waɗanda suka yi shekara 50 ko 60 suna magana suna cin abinci ba tare da sun taɓa tunanin yadda abin yake gudana ba, sa'an nan rana ɗaya shanyewar ɓarin jiki, ko rauni a ka, ko ciwon daji a maƙogwaro, ya raba su da ɗaya daga cikin ni'imomin nan biyu, ko kuwa da dukansu. Masu wannan sana'a su ne masu gyaran magana da haɗiya. Ba su yin fiɗa, ba su rubuta magani, kayan aikinsu a mafi yawan lokuta ba su wuce madubi da cokali da hotuna da haƙuri ba. Tarihinsu kuwa tarihi ne na wani gurbi da ya daɗe ba kowa a cikinsa, tsakanin likita wanda ya san inda cuta take, da malami wanda ya iya zama da mutum ya maimaita masa abu ɗaya sau ɗari bai ƙosa ba.

Sanin cutar kam tsoho ne ƙwarai. A cikin wani daftari na likitocin Masar ta dā, wanda masana suka ƙiyasta an kwafe shi wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda kuma wani Ba'amurke mai suna Edwin Smith ya saya a Luksor a 1862, an jera raunuka 48 tun daga ƙoƙon kai, kowanne da alamominsa da hukuncin da likita zai yanke a kansa. A ciki har da mutumin da aka fasa wa gefen kai, wanda in an tambaye shi abin da ke damunsa ba ya iya mayar da jawabi, sai dai hawaye. Hukuncin da marubucin ya yanke masa shi ne cutarsa tana cikin waɗanda ba a yi musu magani. Wannan hukunci bai tashi daga kan irin wannan majinyaci ba sai bayan shekaru fiye da 3,000.

Malaman Musulunci sun kusanci mas'alar fiye da yadda ake zato. Masana luga da tajwidi, tun daga Sibawaihi, sun tantance mafitar kowane harafi, wanne ke fitowa daga ƙarshen maƙoshi, wanne daga gefen harshe, wanne daga leɓɓa, ilmin da har yanzu kowane gardi a tsangaya yake aiki da shi in yana gyara wa ƙolo karatu. Jahizu na Basra, a littafinsa Al-Bayan wat-Tabyin, ya lissafa aibobin furuci, ya kuma ba da labarin Wasilu ɗan Aɗa'u, wanda harshensa ba ya iya fid da harafin ra, amma saboda tsananin fasaharsa da yalwar lugarsa ya riƙa kauce wa harafin nan a zancensa, har ya gabatar da huɗuba sukutum babu ra ko ɗaya a cikinta. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya wallafa risala ta musamman a kan sabuban faruwar haruffa, inda ya bayyana ƙirar maƙogwaro da harshe da yadda iska ke zama sauti. Fuƙaha'u kuma, a nasu fagen, sun karɓi isharar bebe wadda aka fahimta a ciniki da aure da saki, abin da ke nuna sun rarrabe tsakanin mutuwar harshe da gushewar hankali, rarrabewar da har gobe wasu masu jinya suke kasa yi, suna zancen dattijo a gabansa kamar ba ya nan. Ta fuskar haɗiya, Ibnu Zuhri na Ishbiliya a ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1162, ya siffanta a littafinsa At-Taisir yadda ake zura bututun azurfa a maƙoshin wanda haɗiya ta gagara a zuba masa madara. Bayansa da shekaru 600 da 'yan kai, a 1790, John Hunter na Landan ya yi irin wannan dabara da fatar wani kifi mai siffar maciji. Sai dai duk waɗannan, in aka auna, ko dai siffanta cuta ne, ko kuwa zagaye ta. Mai zama ya sake hore harshe da maƙoshi har su koma bakin aikinsu bai zo ba tukuna.

A ran 11 ga Afrilu 1861 aka kawo wa likita Paul Broca wani majinyaci a asibitin Bicêtre da ke gefen birnin Paris, sunansa Leborgne, ƙafarsa ta ruɓe. Mutumin nan ya shekara 21 a asibitin ba ya iya furta kome sai gaɓa ɗaya tak, watau tan, har ta zame masa laƙabi, ko da yake yana fahimtar abin da aka ce masa, yana amsawa da hannun hagu, in kuma ransa ya ɓaci ashar yana fita daga bakinsa garau. Bayan kwana 6 ya rasu, Broca ya buɗe kansa ya tarar da ɓarna a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, kashegari ya kai ƙwaƙwalwar gaban taron masana. A 1874 wani saurayin likita a Breslau, Carl Wernicke, yana ɗan shekara 26, ya bayyana wani nau'in dabam, na mutanen da magana ke zuba daga bakinsu ba tangarɗa amma ba ma'ana, su kuma ba su gane abin da ake ce musu, ya nuna ɓarnarsu tana can baya kusa da sashen ji. Wannan babban fatahi ne a ilmin ɗibbu, ba mai musu. Amma abin da ya biyo baya shi ne kusan shekara 50 na zane-zanen taswirar ƙwaƙwalwa da jayayya a kan wane lungu ne ke riƙe da wane aiki, har ya zamana majinyaci ya fi daraja a wurin wasu masana ranar da aka kai shi teburin binciken gawa. A yi wa Broca adalci, shi da kansa ya faɗa a 1865 cewa yana kyautata zaton za a sami sakamako in da za a sami mai koya wa irin waɗannan mutane magana da naci irin na uwa ga ɗanta. Likita mai zagayen gadaje dai ba shi da wannan lokaci.

Yaƙi ne ya tilasta a nemo mai lokacin. A Yaƙin Duniya na Farko, sojoji sun shiga ramuka da hulunan ƙyalle, hular kwano ba ta yaɗu ba sai a 1915 da 1916, ɓaraguzan harsashin igwa kuwa suna sauka a ka. Dubban samari suka tsira da rayukansu amma ba bakin magana. Tsoho mai shanyewar jiki ana iya cewa kwanansa ne ya ƙarato, a ajiye shi a ɗaki. Saurayi ɗan shekara 20 kuwa, wanda hukuma za ta biya fansho har tsawon rayuwarsa, dole a san yadda aka yi da shi. Ƙasashen da ke magana da Jamusanci suka riga kowa, domin suna da tushe. A Balin akwai Hermann Gutzmann, likita ɗan malamin kurame, wanda ya haɗa gadon gidansu da ilmin asibiti. A Biyana akwai Emil Fröschels, wanda ya kula da sojoji masu raunin ƙwaƙwalwa, ya kuma kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan fanni a 1924. A Frankfurt kuma Kurt Goldstein ya shugabanci wata cibiya inda aka haɗa jinya da makaranta da koyon sana'a a wuri guda. Bayan da Hitila ya hau mulki, Goldstein da Fröschels, kasancewarsu Yahudawa, suka yi hijira, ilminsu ya bi su zuwa Amurka.

A ƙasashen Ingilishi kuwa sana'ar ta fito ta wata ƙofa, ƙofar malaman koyar da iya jawabi da wasan kwaikwayo. Mafi shahara a cikinsu shi ne Lionel Logue, mutumin Ostareliya, wanda ba shi da takardar likitanci ko ɗaya, ya fara da sojojin da suka dawo daga yaƙi muryarsu ta ɗauke, ya koma Landan a 1924, a 1926 kuma aka kawo masa ɗan sarki mai in-ina wanda daga baya ya zama Sarki George na 6. A Amurka mutum 25 ne suka kafa ƙungiyar masu gyaran magana a 1925, galibinsu malaman jami'a da hankalinsu ke kan in-ina da yaran makaranta. A Ingila ƙungiyoyi biyu ne suka yi ta ja-in-ja, ɗaya ta karkata ga malunta ɗaya ga asibiti, sai a 1945 suka haɗe suka zama kwaleji guda.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya ɗora sana'ar a kan manya ɗorawa ta dindindin. A Rasha, Alexander Luria ya jagoranci wani asibitin farfaɗo da sojoji a Kisegach cikin duwatsun Ural, ra'ayinsa kuwa shi ne aikin da ƙwaƙwalwa ta rasa ana iya sake gina shi ta wata hanyar da ta tsira. Akwai wani hafsa, Lev Zasetsky, wanda harsashi ya ratsa masa ɓarin hagu na kai a 1943, ya farka bai san haruffa ba. Aka gano in ya bar hannunsa ya tafi da kansa, bai tsaya tunanin harafi ɗaya ɗaya ba, yana iya rubutu, ko da karanta abin da ya rubuta yana yi masa wuya. Da wannan 'yar kafa ya rubuta shafi wajen 3,000 a cikin shekara 25, Luria ya tsamo littafi daga ciki. A Amurka asibitocin tsofaffin sojoji suka zama makarantun wannan fanni. Joseph Wepman ya nuna a 1951 cewa horo mai tsanani yana amfani ko bayan watanni da samun rauni. Hildred Schuell, wadda ta fara da malantar makaranta kafin ta kama aiki a asibitin sojoji na Minneapolis a 1948, ta tafi a kan cewa harshen bai ɓace ba, isa gare shi ne ya yi wuya, kamar hatsi yana nan cikin rumbu amma tsani ya karye. Saboda haka ta hana a mayar da dattijo ɗan aji ɗaya ana yi masa gyara a kan kowane kuskure, ta ce a cika masa kunne da magana mai ma'ana, a maimaita, a jawo amsa daga gare shi cikin lalama. Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin dama ya ga shaidar wannan, domin ana samun wanda ba zai iya cewa a ba shi ruwa ba, amma in aka ja masa bakin Fatiha sai ya kai ta ƙarshe, ko ya amsa sallama daidai. Jama'a kan ce karama ce, ba kuwa mai hana su faɗin haka. Masana dai sun lura cewa abin da aka haddace aka rera ba ya bin hanya ɗaya da zancen da mutum ke ƙirƙira nan take, a kan wannan ne ma aka gina wata hanyar magani a Boston a 1973, inda ake rera wa majinyaci jimla da karin sauti yana buga hannun hagu, har sannu a hankali a janye waƙar a bar maganar.

Wani reshen kuma ya tsiro daga ɗakin fiɗa. A ranar ƙarshe ta 1873 Theodor Billroth ya cire wa wani malamin addini ɗan shekara 36 maƙogwaro ɗungurungum a Biyana saboda ciwon daji, tun daga nan aka sami jama'ar da ke numfashi ta wata kafa a wuya ba su da murya. Masu gyaran magana suka ɗauki nauyin koya musu tura iska cikin hanyar abinci su dawo da ita da sauti, irin na gyatsa, su sarrafa shi ya zama kalmomi, har zuwa 1980 lokacin da Eric Blom, mai gyaran magana, da Mark Singer, likitan fiɗa, suka fito da wata 'yar roba da ke karkata iskar huhu zuwa can.

Mu komo ga haɗiya, wadda ta shigo sana'ar a makare amma ta kusa cinye ta. Hikimar halitta a nan abar al'ajabi ce, domin hanyar numfashi da hanyar abinci sun haɗu a maƙoshi, kuma a duk lomar da mutum ya haɗiye, cikin abin da bai wuce daƙiƙa ɗaya ba, sai ganɗa ta toshe hanyar hanci, zakaran wuya ya ɗaga sama ya matsa gaba, wani marfi ya kife a kan ƙofar iska, tantanin murya su rufe, numfashi ya tsaya, ƙofar hanyar ciki ta buɗe. In ɗaya daga cikin waɗannan ya yi jinkiri ƙiftawar ido, ruwa ya bi hanyar huhu. Ido bai taɓa ganin wannan aiki ba sai da Röntgen ya gano hasken eksire a 1895. Shekara guda bayan haka wani ɗalibin likitanci a Harvard, Walter Cannon, ya ba dinya abinci haɗe da wani sinadari da haske ba ya ratsawa, ya zauna yana kallon lomar tana gangarawa cikin dogon wuyanta. Duk da haka, har zuwa shekarun 1960, wanda haɗiya ta gagare shi galibi abin da ake yi masa bai wuce a sa masa roba ba.

George Larsen ya rubuta a kan horar da masu shanyayyen maƙoshi a 1972, amma wadda ta kafa fannin da ƙafafunsa ita ce Jeri Logemann ta jami'ar Northwestern a yankin Shikago. Hujjarta a bayyane take: leɓɓa da harshe da ganɗa da maƙogwaro, waɗanda mai gyaran magana ya ƙare rayuwarsa yana nazarinsu, su ne dai gaɓoɓin haɗiya. Ta tsara gwajin da ake ba majinyaci ruwa kaɗan, da abu mai kauri, da ɗan guntun biskit, duk an cuɗa su da bariyam, ana ɗaukar hoton eksire mai motsi, a ga inda abin ya karkace, a kuma gwada dabara nan take, ko sunkuyar da haɓa, ko juya kai wajen ɓarin da ya mutu, ko riƙe numfashi kafin haɗiya. Littafinta na 1983 ya zama madogara. Abin da hotunan nan suka tona mafi ban tsoro shi ne akwai majinyata da yawa da ruwa ke shiga huhunsu ba su ƙware ba, ba su yi ko tari ba, sai bayan kwanaki zazzaɓi da ciwon huhu su bayyana. A 1988 Susan Langmore a Ann Arbor ta kawo hanya ta biyu, ta zura siririn bututu mai ido ta hanci a leƙa maƙoshi, wadda ake iya yi a bakin gado.

Dattawan sana'ar da yawa ba su yi maraba da wannan sauyi ba, suna ganin an ɗebe su daga ilmin harshe an mayar da su masu gadin cokali. A ganina suna da rabin gaskiya. Matsalar haɗiya tana iya kisa cikin mako guda, rashin magana kuwa ba ya kisa, saboda haka asibitin da ke ƙirga kwanakin gado dole ya fifita ta farko. A Ingila da Amurka yau mai gyaran magana a ɗakin masu shanyewar jiki ya fi ɓata lokacinsa a kan maƙoshi, alhali wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗannan majinyata suna fama da ɗaukewar magana, ana sallamarsu suna iya shan shayi ba su iya kiran sunan matansu. Kuma fannin haɗiyar kansa ya sha gyara. An daɗe ana kaurara wa majinyata ruwan sha da yaƙinin cewa kariya ce, sai wani bincike da aka buga a 2008 a kan mutum 515 masu cutar Parkinson ko ruɗewar tsufa ya kasa nuna cewa kaurin ya fi sunkuyar da haɓa hana ciwon huhu, ga shi kuma mutane suna ƙin shansa har jikinsu ya bushe. Kafin nan, a 1998, Langmore ta nuna cewa dogaro ga wani wajen ci, da rashin tsabtar baki, da ruɓaɓɓun haƙora, suna cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon huhun. Ashe asuwaki yana da matsayi a nan wanda ba a ba shi ba.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta fara horar da masu wannan aiki, a jami'ar Witwatersrand cikin shekarun 1930. A Nijeriya an daɗe ana koyar da fannin a sashen ilmin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Ibadan, watau ta ƙofar malunta ya shigo mana, dokar soja mai lamba 38 ta 1988 kuma ta sa shi ƙarƙashin hukuma ɗaya da masu gashin ƙashi. Adadinsu kaɗan ne ainun, mafi yawansu suna manyan birane, alhali hawan jini, wanda shi ne uban shanyewar jiki, ya game birni da ƙauye. Saboda haka aikin ya faɗa hannun nas-nas da masu gashin ƙashi, mafi yawa kuma hannun 'ya'ya da matan gida, waɗanda saboda tsabar ƙauna sukan tallafo kan tsoho yana kwance su ɗura masa ruwa suna cewa, Baba daure ka ƙara kurɓi, ba su san cewa zaunar da shi tsaye, da ba shi kaɗan kaɗan, da barinsa a zaune bayan ya gama, da wanke masa baki, sun fi yawan abin da ya shiga cikinsa muhimmanci ba. Ma'aunin kauri na duniya da aka fara tsarawa a 2013, mai matakai daga 0 zuwa 7, ana gwada shi da sirinji mai cin mililita 10 da cokali mai yatsu, don haka ba abin da zai hana a auna koko da kunun gyaɗa da fura da tuwo mai laushi da miyar kuka a san matakin kowanne. Gwaje-gwajen magana su ne suka fi wuya, domin an gina su a kan Ingilishi da hotunan rayuwar Turawa, Hausa kuwa harshe ne da karin sauti da tsawon wasali ke sauya ma'anar kalma a cikinsa, majinyacinmu kuma sau da yawa yana da Hausar gida da Larabcin allo da Ingilishi ko Faransancin ofis, cutar tana iya taɓa kowanne gwargwado dabam, dole kuwa mai gwaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya san ta inda zai fara.